Bututun Hayaƙi a Rumfar Taubashina

Ina kan keke ina haɗa wuyan wata riga sai waya ta yi ƙara. Hantsi ne, babu kowa a shagon sai ni. Da na ga Auta ne, ƙanen taubashina, sai na ɗauka ina shirya abin da zan tsokane shi da shi, don mu da mutanen gidan nan ba ma gaisawa sai an taɓa juna. Amma ya yi sallama cikakkiya. Ya tambayi Inna, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki. Auta bai taɓa tambayata aiki ba, kuma bai taɓa ce mini Yaya ba sai ranar. Na sauke ƙafata daga kan keken.

"Yaya, sai dai mu yi haƙuri. Ɗan'uwanka lokaci ya yi, ɗazu da safe. Bayan azahar za a kai shi."

Na faɗi abin da Musulmi yake faɗa. Na rufe shago, na bi ta gida na gaya wa Inna, na hau mashin na kama hanyar Rogo. Abin da ya ba ni mamaki a hanya shi ne duk abin da na tuno game da shi na dariya ne. Na yi ƙoƙari in tuno fuskarsa ta kwanakin ciwo, ta ƙi zuwa. Wadda take zuwa ita ce ta mutumin da yake tsaye cikin hayaƙi da dogon ludayi a hannu yana kirana bawansa. Shi ya sa da na zauna rubuta wannan, na bar shi ya zo yadda ya so.

Mahaifinsa wan Inna ne. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka tun muna yara ya yanke hukunci cewa ni bawansa ne, gadona ya yi. Ni kuma na tsaya a kan cewa wanda bai iya zura tazuge a wando ba bai isa ya mallaki mutum ba. Ya girme ni kaɗan. Ni na yi firamare a Karaye na koyi ɗinki. Shi ya zauna a ƙauyensu ta wajen Ruwan Bago ya gaji sana'ar Kawu, noman rake da dafa mazarƙwaila.

Wanda saninsa da mazarƙwaila bai wuce ya saya a kasuwa ya jefa a koko ba, bai san wahalarta ba. Idan rake ya nuna bayan kaka, akan sare shi a fadama a kawo bakin rumfa. A waje akwai injin matsa, doki ne yake juya shi, yana zagayawa yini guda kamar mai neman abin da ya yar. Ruwan raken yana gangarawa cikin daro, tukar kuma a shanya ta ta bushe, ita ce makamashi. A cikin rumfa an haƙa dogon murhu an ɗora manyan tukwanen ƙarfe masu faɗi. Nan ne wurin taubashina. Yana tsaye a kan tukunya tun safe, yana kwashe kumfa, yana juyawa, yana duban yadda ruwan yake kauri, har ya kai inda zai ce a sauke a zuba a ƙananan kwanuka ta daskare.

Rumfar nan kewaye take da zana ta ko'ina, sai 'yar ƙofa da mutum zai sunkuya ya shiga. Haka Kawu ya yi, haka kowa yake yi a wajen, kuma saboda iska ake yi. Idan iska ta shiga, wuta takan karkata gefe guda, rabin tukunya ya ƙone rabi bai dahu ba, ga toka da haki suna faɗawa ciki, mazarƙwaila ta fito baƙa. Ta taubashina ja ce, mai haske, 'yan sari daga Beli da Jajaye sukan gane ta ko ba a faɗa musu ba. Zanar ce take ba shi wannan jan. Ita ce kuma take tare hayaƙi ya rasa mafita, sai ya yi ta yawo a ciki, ya cika ido, ya cika baki.

Duk lokacin da na je, a ƙofa nake tsayawa hawaye yana zuba.

"Shigo mana, bawana! Kuka kake yi don ka ga ubangidanka?"

"Kuka nake yi don na ga an yi bandarka kamar tarwaɗa."

"Banda ai ba ta ruɓewa. Ku masu zaman inuwa ku ne za ku riga mu lalacewa."

Sai ya tsoma kara a tukunya ya naɗo mazarƙwaila mai ɗanko, da zafinta, ya miƙo mini. Har yau ban ci abu mai daɗin wannan ba.

A wannan sana'a ba a ɗauki tari ciwo ba. Kowa yana yi. Kawu da shi ya rayu, da shi ya tafi, aka ce tsufa ne. Na taubashina ya fara ne da safe-safe, sai ya yi ta kaki kafin ya iya gaisawa da mutane. Daga baya ya zama idan ya taso daga fadama sai ya tsaya a hanya ya dafa ƙugu, ya ce gonar wani yake dubawa. Da yake lokacin sanyi ake dahuwa, kuma lokacin ne tarin yake tsananta, kowa ya yarda sanyi ne ya shige shi. Maganin sanyi kuwa an san shi, wuta ce. Matarsa takan cika kasko da garwashi ta kai masa ɗaki, ta barbaɗa habbatussauda da 'yan itatuwa, a rufe ƙofa da taga. Shi kansa yakan ce babu inda yake jin sauƙi kamar bakin murhu. Wato mutum ya yini a cikin hayaƙi don sana'a, ya kwana a cikinsa don magani. Kuma duk wanda ya sa hannu a wannan, da ƙauna ya sa.

Shekarar da abin ya kwantar da shi, zazzaɓi ne ya haɗu da tarin. Kakin ya canja launi ya koma kore-kore, gefen ƙirjinsa yana sukarsa idan ya ja numfashi. Ya sayi kafso a kemis ya sha, ya ji dama-dama, ya ajiye sauran ya koma rumfa. Abin ya dawo da ƙarfin da ya fi na farko. Auta ya ɗauko shi a mota ya kawo shi asibiti a Karaye, aka ba shi gado. An gwada kakinsa, ba tarin tibi ba ne. Da ya ɗan samu, aka tura mu Kano. A can aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka ba shi wata na'ura aka ce ya hura iya ƙarfinsa. Ya hura, ya sake hurawa, ya miƙa musu abinsu ya ce tun da yake ba a taɓa ba shi algaitar da ba ta ƙara ba.

Likitar da ta gan mu mace ce, yarinya a idonmu, mai haƙuri. Ta ɗaga hoton ta duba, ta dube shi.

"Baba, kana shan taba?"

"Ni? Ko goro ban cika ci ba."

"To mene ne sana'arka?"

Nan ya gyara zama. Ya ba ta labarin rake tun daga fadama har kwano, da doki, da zana, da yadda tasa take fita ja. Ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Hayaƙin ta ina yake fita?"

Ya dube ni. Da alama ba a taɓa yi masa wannan tambayar ba. Ya ce, "Ta inda ya ga dama."

Na ce, "Likita, ta cikinsa yake bi."

Ba zan iya maimaita duk abin da ta faɗa ba, amma ga abin da na riƙe. Ta ce hanyoyin iska a cikin huhu suna da wasu 'yan gashi ƙanana da ido ba ya gani, aikinsu su share majina da datti su turo waje. Hayaƙi kuma yana ɗauke da abubuwan da suke cin naman huhu a hankali, kamar yadda tsatsa take cin ƙarfe. Jiki yana da abin da yake kare kansa da shi, amma idan hayaƙin ya yi yawa shekara da shekaru sai ya fi ƙarfinsa. Sai hanyoyin su kumbura su tsuke, masu sharar su mutu, majina ta kwanta. Inda majina ta kwanta kuwa ƙwayoyin cuta sun sami gida. Idan suka yi yawa jiki yakan aiko dakarunsa su yaƙe su, su ma a garin yaƙin sai su ƙara ɓarna, kumburi ya ƙaru. Ta ce kowace kwanciya irin wadda ya yi tana tafiya da wani abu da ba ya dawowa.

Taubashina ya saurara kamar yana gaban malami. Duk cikin maganar, tsatsa ce ta shige shi.

"Likita, tukunyar da tsatsa ta ci, mu maƙeri muke kai wa ya yi mata faci."

"Wannan ba ta da maƙeri, Baba. Abin da ya rage shi za mu lallaɓa."

"To ga bawana nan, tela ne. Ko ɗinki za a gwada?"

Ta yi dariya sosai. Sannan ta daina, ta ce ya shanye maganin duka ko da ya ji ya warke, don wanda ya tsaya a tsakiya ƙwayoyin cutar yake koya wa yaƙi. Ta ba shi abin shaƙa ta nuna masa yadda ake yi. Ta ce kaskon wuta ya bar ɗakinsa. Ta ce, "Rumfa kuma kun rabu. Idan ka koma cikin wannan hayaƙin, ƙirjin nan ba zai ɗauka ba."

A mota, da muka kusa Karaye, ya juyo ya tambaye ni.

"Wa zai tsaya a kan tukunyar?"

"Auta."

"Auta ko ruwan shayi ƙona shi yake yi."

Aka shirya ya zauna a gidana har ya gama shan magani, nesa da rumfa. Waɗannan makonni su ne mafi daɗi da na yi da shi tun muna yara, ko da yake da rigima suka fara. Inna, wadda shi yake kira Gwaggo, ba ta yarda da likita ba ko kaɗan.

"Hayaƙi? Da hayaƙi yana kisa da ba a bar mace ko ɗaya a ƙasar nan ba. Ni nawa na sha a madafa?"

Tana rufe baki tari ya sarƙe ta. Shi ya fara dariya, dariyar ta tayar masa da nasa, suka zauna su biyu suna tari suna nuna juna da yatsa.

Amma ba ta bari ba. Da na fita shago sai ta cika kasko da garwashi ta kai masa, ta ja ƙofa. Idan na dawo in tarar da ɗakin yana ƙauri, shi yana zaune idanunsa jajur.

"Me likita ta ce maka?"

"Gwaggo ce ta kawo da hannunta. In ce mata ta mayar? Kai ka taɓa ganin an yi haka?"

Gaskiyarsa ce. Mutum ba ya mayar da abin da ƙanwar ubansa ta kawo masa, ni kuma ban isa in tsawata wa uwata ba. Na ga Inna ba hayaƙin ne ya dame ta ba, so take ta ga ɗan wanta ya ji ɗumi daga hannunta. Sai na tattara ƙyallayen da suke zube a shago, na sayo auduga, na yanka riga mai ninki biyu, na kai mata na ce ban iya cusa auduga ba, ta taimake ni. Ta zage ni ta ce tela ne a baki kawai, ta karɓa ta cusa da kanta har rigar ta kusa tsayawa ita kaɗai. Na kuma roƙe ta ta riƙa tafasa ruwa tana zubawa a jarka, a naɗe da zane a sa masa a bayansa. Daga ranar kasko ya koma madafa.

Rigar kuwa abin kallo ce. Akwai shadda a jikinta, akwai atamfa, akwai leshi, hannu ɗaya yadin 'yan makaranta ne. Da ya gan ta ya ce, "Wannan ai ta mahaukacin kasuwa ce." Ya saka, bai sake cirewa ba sai za a wanke. Da ita yake zuwa masallaci. Duk wanda ya tambaya sai ya ce bawansa ne ya ɗinka, kuma iyakar basirarsa ke nan, a yi masa addu'a.

Da ya sami ƙarfi sai ya riƙa bina shago yana zama a benci. Cikin 'yan kwanaki ya zama malamin huhu na layinmu. Mai shayi, mai tsire, mai gyaran janareta, babu wanda ya tsira.

"Kai, matsa daga bakin wutar nan. Tsatsa tana cinka ba ka sani ba. Masu shararka sun mutu, baƙi sun tare a gidan."

"Waɗanne baƙi kuma, Malam?"

"Waɗanda ba sa sallama."

Sai ya zaro abin shaƙarsa daga aljihun rigar ƙyallaye ya nuna musu yadda ake yi, yana jan numfashi da yanga kamar wanda aka ba sarauta. Amma ni na san inda hankalinsa yake. Duk mai tallan mazarƙwaila da ya wuce sai ya kira shi ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ce an cika mata wuta, ko an sauke ta da wuri, ya mayar.

A bayan layinmu akwai gidan burodi. Wata safiya na ga ya ƙura wa sama ido.

"Bawana, dubi can."

"Hayaƙi ne. Kewarsa kake yi?"

"Dubi ta inda yake fita. Wutarsu a ciki take, hayaƙinsu a waje."

Ya tashi ya tafi, na bi shi. Ya yi sallama da masu burodin, ya zagaya tandarsu, ya leƙa ƙasa, ya leƙa sama, ya tambayi yadda aka ja hanyar hayaƙin har ta kai bututu. Kafin mu dawo shago ya gama ginin a kansa. Za a rufe gefunan murhu da ƙasa ta yadda wuta za ta bi ƙarƙashin tukwane har ƙarshe, a can ƙarshen a tayar da bututu na tubali ya huda rufin rumfa ya wuce. Zana tana nan, iska ba za ta taɓa wuta ba, hayaƙi kuma ya sami hanyarsa.

Da muka koma Kano ganin likita, kafin ta zauna ya fara.

"Likita, idan muka raba hanya da hayaƙin fa? Ya bi tasa in bi tawa?"

Ta saurari bayanin bututun, ta ce, "Wannan zai taimaki duk wanda yake aiki a wurin, sosai ma. Amma kai, Baba, ko da bututun, daga nesa za ka riƙa kallo."

A mota ya ce likita ta amince. Na ce ina wurin, na ji abin da ta ce. Ya ce ba a karɓar shaidar bawa a kan ubangidansa.

Ya koma gida da niyyar a fara nan da nan, sai damina ta shigo. Kowa ya tafi gona. Tubalin farko da aka buga ruwa ya narkar da shi. Sai da ruwa ya ɗauke aka sake bugawa, muka fara gini, ni da Auta. Ranar Juma'a nake zuwa bayan an sauko daga masallaci, tun da ranar ba na buɗe shago da yamma. Shi yana zaune a tabarma a gindin mangwaro cikin rigarsa, da kara a hannu, yana ba da umarni.

"Ya karkace! Tela, ko a wando haka kake yin layi?"

Maƙwabta masu irin sana'ar suna zuwa kallo. Wani ya ce rumbu ne, wani ya ce hasumiya ce. Wani dattijo ya ce iyayenmu ba su yi haka ba kuma sun dafa mazarƙwaila. Taubashina ya ce, "Sun dafa, Baba. Da me suka tafi?" Dattijon ya yi tari, ya ce zai dawo ya gani idan an gama.

Ginin ƙasa ba a yi masa gaggawa. Sai an ɗora kaɗan a bari ya sha iska, idan ba haka ba ya tsage ko ya zube. Rake kuwa bai san da wannan ba. Ya nuna bututu yana iya ƙuguna. Raken da aka sare idan ya kwana biyu a ƙasa tsami yake yi, wanda ba a sare ba kuma 'yan sari ba za su jira shi ba. Dole Auta ya kunna tsohon murhu yadda yake, ya shiga rumfa, ya ja zana.

Ina wurin ranar da aka juye kwanukan farko. Baƙa ta fito, da ɗaci-ɗaci. Wani ɗan sari daga Beli wanda ya daɗe yana saye a gidan ya ɗauki ɗaya ya juya ta, bai ce komai a kanta ba. Ya tambayi jikin Malam, ya yi addu'a, ya ajiye ta a hankali, ya hau mashinsa. Da ya kushe ta ma da ya fi sauƙi.

Taubashina ya ɗauki wadda mutumin ya ajiye ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙe.

"Leƙawa kawai zan yi."

"Likita ta ce daga nesa."

"Likita ba ta ga wannan ba."

Ya cire rigar ƙyallaye ya ba ni in riƙe masa, wai kada ta yi ƙauri Gwaggo ta gane. Ya sunkuya ya shiga. Ina tsaye a waje da rigar a hannu, doki yana zagayawa a bayana, na ji muryarsa daga ciki kamar ta da, kamar bai taɓa ciwo ba.

"Rage wuta! Janye tukar nan! Auta, kumfa ake kwashewa ba ruwan ba! Dubi yadda take tsalle, ka gani? Idan ta fara wannan, saura ƙiris. Yanzu! Sauke!"

Da ya fito idanunsa sun yi ja, ƙirjinsa yana ƙugi, yana dariya. Ya miƙo mini kara da mai ɗanko a naɗe.

"Ci ka gaya wa na Beli."

Na ci. Ita ce, irin ta da.

Auta ya gaya mini daga baya cewa leƙen bai tsaya a ranar ba. Yakan zauna a waje har sai an kusa saukewa, sannan ya shiga. Sun gwada cire zana ɗaya don hayaƙi ya ragu, amma da iska ta taso shi da kansa yake mayar da ita. Duk tukunyar da ya tsaya a kai yana sa Auta ya faɗi lokacin saukewa kafin shi ya faɗa, har ya fara dacewa. 'Yan sari suka dawo. Mu kuma muna ɗora tubali duk Juma'a.

Kafin a gama saran raken zazzaɓi ya dawo, kaki ya sake canja launi. Aka kawo shi Karaye, aka sa masa iska ta hanci, aka yi ta allurai. Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, kuma ya tashi. Amma wanda ya tashi bai kai wanda ya kwanta ba. Daga ɗaki zuwa zaure sai ya huta. Ya ce a mayar da shi gida, aka mayar da shi.

Ganina da shi na ƙarshe a ƙofar zaure ne, yana shan hantsi cikin rigarsa. Maganarsa ta koma gajeru, yana yi yana tsayawa, amma bakin yana nan.

"Ina bututun ya kai?"

"Ya kai kafaɗata."

"Kafaɗarka ai ba tsawo ba ce."

Ya huta. Ya ce sai ya wuce rufin rumfa sosai, kuma a riƙa tsuke shi yana hawa, idan ba haka ba hayaƙin zai yi kasala ya dawo. Ya ce kada a rufe gefunan murhu sai bututun ya bushe. Na ce na ji, idan ya warke shi zai fara kunna wutar. Ya dube ni irin kallon da yake yi wa mazarƙwailar da aka sauke da wuri.

"Bar wannan. Ka ji Auta da safe?"

Na ji shi. A gidan na kwana, kuma da asuba na ji yana kaki a bayan ɗaki kafin ya iya amsa gaisuwa.

"To ka gama masa. Umarnin ubangida ne."

Na ce Juma'a mai zuwa in Allah ya so. Kafin Juma'ar Auta ya kira ni.

A wurin zaman makoki mutane sun yi ta zuwa, daga Rogo, daga Jajaye, har mai shayin layinmu ya zo daga Karaye. Kowa ya yi addu'a sai ya ce, "Ka san abin da ya taɓa ce mini?" Sai a ji dariya ta tashi ƙasa-ƙasa, liman ya yi gyaran murya, shi ma yana murmushi. Dattijon nan da ya ce iyayenmu ba su yi haka ba ya ja ni gefe ya tambaya ko za a ƙarasa ginin, don yana so ya gani kafin ya taɓa nasa murhun. Matar marigayin ta wanke rigar ƙyallaye ta ba ni in kai wa Inna. Inna ta karɓa. Yanzu ita take sakawa da safe.

Bayan sadakar uku na je rumfa. Doki yana ɗaure yana cin harawa. Akwai sauran rake a fadama, kuma Auta ya ce ba zai iya barinsa ya lalace ba, zai kunna wuta cikin makon. Na roƙe shi ya cire zana ko ɗaya ce, ya ce zai duba iska. Tubalin da ya rage yana jere a gindin mangwaro, an rufe shi da buhu. Bututun yana nan inda muka tsaya, daidai kafaɗata. Bai kai rufin rumfa ba tukuna.